Ledar Wake da Shinkafa a Bayan Katanga

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na shigar da ilimi cikin jifan abinci ba, ko da kuwa abokan aikina za su bar ni in manta.

A kamfanin robobin da nake aiki a Sharada, in aka rufe ƙofa ba a buɗewa sai an tashi. Saboda haka mutum ɗaya ake bari ya fita da rana, ya karɓo abinci wurin masu sayarwa, ya riƙa cilla ledojin ta saman katanga, na ciki suna caɓewa. Ni ne mai cillawa, kuma hannuna bai taɓa kuskure ba (duk da haka sai na yi bismilla a kan kowace leda, don kullum gani nake ta yau ce za ta fashe).

A makon ne 'yata Hauwa'u ta ce za ta bar ajin kimiyya. Ta faɗi jarrabawar fiziks, a kan lissafin abin da aka jefa sama: ina zai kai, ina zai sauka. Ni da na tsaya a firamare, abin ya hana ni sukuni. Na ce ta zo wurin aikina ta ga karatunta da idonta.

Ta zo ta tsaya a gefe, tana ta jan bakin hijabi. Na tambaye ta yadda littafi ya ce a yi jifa. A hankali ta ce malaminsu ya ce a saita hannu tsaka-tsaki, tsakanin ƙasa da sama. Na ja da baya, na saita, na sauke, na sake saitawa. Har mai abincin ta tambaya ko hannun ne ya sage. Sannan na saki ledar wake da shinkafa, wadda ta sha mai da yaji, da dukan ƙarfina.

Ta haye katanga. Ta haye hannuwan masu jira. Sai muka ji wani ya yi salati daga ciki.

Manaja ne ya leƙo ta ƙaramar ƙofa, cikin farar shadda zai tafi ɗaurin aure, mai yana gangarowa daga kafaɗarsa. Na durƙusa ina ba da haƙuri, a raina har na fara tunanin wanda zai ɗauke ni aiki a kamfanonin Bompai. Sai na ji muryar Hauwa'u a bayana.

"Baba, na gane. Wanda na faɗa muku na nisa ne. Ku kusa kuke so, da sai ku ƙara ɗaga hannu sama." Ta ƙara da cewa, "Wallahi nan na faɗi a jarrabawar."

Manaja ya dube ta, ya dubi rigarsa, ya tambaye ni ajinta nawa. Da na faɗa, ya ce in tashi, amma wankin shaddar a wuyana yake.

A cikin Keke Napep muna komawa gida tana ta zana lanƙwasa a iska da yatsa, tana dariya ƙasa-ƙasa. Ba ta sake maganar barin ajin ba. Ni kuma an karɓe cillawa daga hannuna, an ba wani.

Yanzu in ta kawo mini wani sabon ilimi daga makaranta, ina saurara da kyau, in sa mata albarka. Amma kafin in gwada, sai na leƙa na ga wanda ke tsaye a bayan katanga.