Injiniyan Gidan Haya da Sifirin Jak

Ni mutum ne da ba ya so a raina masa hannu. Da sifirin da ke ɗage jak ɗin babur ɗina ya saki, jak ya fara jan ƙasa, sai na ce wannan bai kai a je wurin bakanike ba. Na sayo sabo, ranar Asabar na tsuguna a tsakar gidanmu na haya a Hashimi, filaya a hannu.

Na fi awa guda ina kokawa, har filaya ta cije min yatsa. Na yi mamakin yadda sifirin da ya saki yake da ƙarfi haka, amma na ce ai ƙarfe ma yana da taurin kai. Na cire shi, na wurga bayan katanga, na ɗaura sabon.

Maƙwabcina Malam Bulus, malamin firamare, yana kan benci yana kallo. Sai da na miƙe ina goge hannu ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam. Amma naka ga shi can gefen rijiya."

Baburanmu iri ɗaya ne, ja da ja. Ashe matata ta matsar da nawa don ta yi shanya.

Na ce, "To me ya hana ka magana?"

Ya ce, "Na ga kana jin daɗin aikin."

Har yau duk Asabar sai ya kafe babur ɗinsa a ƙofar ɗakina, ya ƙwanƙwasa: "Injiniya, birki ma fa ya fara saki."