Ranar da Na Zama Malam Kanwa

Ba zan taɓa mantawa da zuwan Habibu makarantarmu ta Wudil ba. Zamanin kuɗin fetur ne, gwamnati na tura samari karatu Turai kamar rabon goro. Ajinmu ɗaya da shi tun firamare, kuma ni nake zuwa na ɗaya (shi ma ya sani). Amma shi aka ɗauka, aka bar ni ina koyar da kimiyya. Ya dawo da digirin dakta da sabuwar Fijo, ni ina nan da kekena.

Shugaban makaranta ya roƙe shi ya yi wa ɗalibai bayanin bincikensa. Wai a kan wani dodon-koɗin teku ne marar ɓawo, mai manyan ƙwayoyin jijiya. Idan sinadarin da ke kai saƙo tsakanin jijiyoyi ya taɓa ƙwayar, sai wasu ƙofofi su buɗe, sinadarin fotashiyam ya fita, ƙwayar ta yi tsit. Shi kuma aikinsa ya riƙa sauya gishirin ruwan da take ciki, ya ga ko amsar da ƙwayar ke bayarwa za ta ƙaru ko ta ragu.

Ɗalibaina, masu gyangyaɗi a darasina, duk sun saki baki suna kallonsa. Abin ya tsaya mini a rai. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Dakta," na ce, ina jan kalmar, "wannan fotashiyam ɗin ai kanwa ce. Sai an haye teku? Kakata a Utai kullum tana zuba ta a miyar kuka."

Yara suka kwashe da dariya. Na zauna ina gyara hula.

Habibu ya yi murmushi. "Haba mutumina, ai kanwa yawancinta sodiyam ne. Kai fa ka koya mini wannan muna aji uku. Ban da kai da na faɗi jarrabawar."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Shugaba ya leƙo ni ta saman tabarau. "Malam, me kake koya musu ke nan?"

Dariya ta biyu ta ninka ta farko. Kafin a tashi na zama Malam Kanwa (har jikokina sun ji sunan).

Tun daga ranar, in hassada ta ce in miƙe, sai in ce ta dakata in duba littafi tukuna.