Na'urar Gwamnati a Samirar Inna

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na gama jami'a ba. A lokacin ne na sami aikin wucin gadi a Gusau, a wani bincike da gwamnati ta ɗauki nauyinsa kan hayaƙin da mutane ke shaƙa a cikin gidajensu. Aikin ba wuya: mu rataye wata 'yar farar na'ura a ɗakin girki, ta yi kwanaki tana auna iska, mu dawo da ita ofis. Gidajen da hayaƙinsu ya fi yawa za a fasa musu taga, a gina musu murhu mai bututu.

(Ranar da aka koya mana yadda na'urar ke aiki ana yayyafi, ni kuwa ina can baya ina rubuta waƙa a kan ƙamshin ƙasa. Iyakar uzurina ke nan.)

Aka tura sauran abokan aikina Tsafe, ni na roƙa aka ba ni Bungudu, saboda kakata Inna tana Furfuri. Tun kafin a haifi mahaifiyata take girki a ɗaki ɗaya marar taga. A bakin ƙofarsa na yi ƙuruciyata, ido na hawaye, ina jiran ƙanzo. Tari ya daɗe yana damun ta, musamman da damina in itace ya jiƙe, kuma ba abin da nake so kamar ta sami tagar nan.

Na rataye na'urar. Washegari na tarar ta fara yin baƙi.

"Ƙawata, kayan gwamnati ne hwa," in ji Inna. "In ya ɓaci mi za mu ce?"

To, a gidanmu ba a barin abu mai daraja a fili. Rediyo ma rigarsa gare shi. Sai na goge ta, na sa ta a cikin samira, na rufe da murfi, na lulluɓe da ƙyalle mai ado. Na bar ta a ɗakin girkin dai (an ce kada ta fita, ni kuma mai bin doka ce). Ranar mayarwa tawa ce kaɗai ta koma fes. Har tausayin sauran na ji.

Ba a daɗe ba shugaban binciken, wanda muke kira Dakta, ya kira ni yana murmushi.

"Duk gidajen da muka auna babu iska mai tsabta kamar ta kakarki. Ba ta buƙatar taga. Mu ne muke buƙatar darasi."

Na ga tagar ta kuɓuce, amma wallahi ban gane dalili ba tukuna.

Muka tafi Furfuri har da baƙi daga Abuja. Mun iske Inna tana tuƙa tuwo, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin. Babban baƙon ya sa kai, ya fito da baya yana tari.

"Inna," Dakta ya ce yana murza ido, "a ina aka rataye na'urar?"

Inna ta shiga ta fito da samirar, tana riƙe da ita da hannu biyu, cike da alfahari.

"Nan ta kwana, nan ta wuni, ɗana. Ƙawata ba ta bari ko hayaƙi shi taɓa ta ba."

Dakta ya leƙa cikin samirar, ya juyo ya dube ni.

"Malama," Dakta ya ce a hankali, "iskar cikin samira kika auno wa gwamnati?"

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Amma dai ta dawo da tsabta, Dakta."

Baƙon nan ya yi dariya har tarinsa ya dawo. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, na ce a cire ni daga aikin in an so, amma don Allah kada a cire Inna.

Ba a cire kowa ba. Aka sake aunawa, wannan karon a fili, kuma kafin kaka aka fasa mata taga. Yanzu in na je nakan same ta tana girki, hasken rana a kafaɗarta, tarin ya yi sauƙi. Abokan aikina har yau Malama Samira suke ce mini.

Abin da na koya? Mun iya lulluɓe rediyo da kwano da kayan gwamnati, amma duk shekarun nan babu wanda ya tuna da ƙirjin mai girkin. Sannan in ana koyar da aiki, ko ruwan zinariya ake yi a waje, a layin gaba nake zama.