Tsohuwar da Kwamfuta Ta Ba Shekara Ɗari Tara

Zamanin da kwamfuta ke cin kati mai huda, ni na rubuta mata umarnin ƙidayar mutanen Kakangi. Na gaya mata gurbin shekaru na lamba ne, ban sa ta riƙa dubawa ba. Wa zai kawo wani abu daban?

Ashe wata tsohuwa cewa ta yi "shekarar fara" aka haife ta, haka kuwa aka huda. Na'ura ta haɗiye haruffan, ta tofo ɗari tara.

Wallahi na yarda. Na je bukkarta a bakin daji, ko tsuntsu ba ya kuka, na durƙusa ina ta addu'a.

Ta leƙo. "Ɗan nan, wa ya rasu?"

Har yau a kasuwar Birnin Gwari sai an tare ni: "Malam, ya jikin aljanarka?"