Kwamfutar da Ta Daina Cewa Uwargida

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika, gajiya kuma ta ƙarasa, Malama Bibiana Cornelius ta Samaru tana sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da 'yan zumuntar mata rasuwar kwamfutar gidanta. Ta cika ranar Talata, sha uku ga Nuwamba, 2007, a wani shagon gyara da ke Sabon Gari, bayan jinyar wata huɗu.

Marigayiyar ta shigo gidan a 2002. 'Yar gwanjo ce, mai gidan, Malam Cornelius, shi ya ɗauro ta a bayan babur da igiyar roba. Ba a ce tana da kyau ba, kuma sai an dafa shayi an sauke kafin ta gama tashi. Amma ta yi aiki, a faɗi gaskiya. Jarrabawar 'yan aji biyar da Malama ke koyarwa, tsarin sujadar bikin godiya, wasiƙun neman aiki na rabin layin, duk ta buga su ba ƙorafi.

Babbar baiwarta dai murya ce. Malam Cornelius mutum ne mai tsokana. Wata Asabar ya aro makirufo, ya cire ƙarar da aka sayo ta da ita, ya ɗora tasa muryar. Daga ranar, in an kunna ta sai ta ce, "Uwargida, kin karya kuwa?" In kuma an danna abin da bai dace ba, sai ta ce, "Haba Bibiana, a hankali mana." A lokacin haushi abin yake ba Malama, har ta sha rantsuwa za ta sa a goge. Da Malam ya rasu a 2005, ba kaset, ba bidiyo, waɗannan jimloli biyu kaɗai suka rage na muryarsa a duniya. Kullum da safe sai ta kunna marigayiyar, ko da aiki ko babu, ta amsa tambayar, sannan ta tafi makaranta.

Ciwon ajali ya shigo ta hannun maƙwabta. Kowa da filash ɗinsa a aljihu, an yawata da shi kafe-kafen intanet ya kwaso cuta, a zo a soka mata ba ko sallama. Tun Yuli ta fara surutai. Yau ta ce wani fayil ya ɓata, gobe ta ce ƙwaƙwalwarta ta cika. Wani lokaci ta rufe aiki da kanta, ta ba da haƙuri, ta tambaya ko a aika rahoto. A aika wa wa, a gidan da ko layin waya babu?

A nan Malama take roƙon gafara, domin ta ga ciwon ta ƙyale. Duk saƙon kuskure da ya fito, muryar Malam ce ke rako shi. A Satumba sai ya yi mata haba sau ashirin a rana. Rabon da ya yi mata magana haka tun yana da rai, to ina za ta kai ta gyara?

Sai da jarrabawa ta matso, marigayiyar ta ƙi buɗe ko takarda ɗaya, aka kira Okechukwu, mai gyara daga Sabon Gari. Ya zo da faifan afdet, na sabunta manhaja, ya ce maganin ke nan. Allo ya yi gargaɗi da manyan baƙaƙe kada a kashe. Ba wanda ya kashe. Sandar da ke nuna ci gaban aikin ta wuce rabi, ƙarfe sha biyun rana, aka ɗauke wuta. Akwatin ajiye wuta kuwa ya riga ta rasuwa tun bara. Da wutar ta dawo, allon ya yi shuɗi, cike da lambobi. Ta tashi ta faɗi, ta tashi ta faɗi, kwana tara, ba ta ƙara kaiwa wurin gaisuwa ba.

Aka naɗe ta da zane aka kai Sabon Gari. Okechukwu ya ce sai an yi fomat, wato a share komai a zuba sabo. Sau uku, Allah ya sani, ya tambayi Malama abin da take so a kwashe. Shagon cike da mutane, wani yana jiran firinta, wata tana cin gyaɗa. Mace mai shekara hamsin da huɗu, shugabar zumunta, ta buɗe baki ta ce muryar mijinta take saurara da safe? Kunya ta hana. Ta ce takardu da hotuna, tana zaton muryar na cikinsu. Ashe can cikin hanjin na'urar Malam ya ajiye ta, wurin da aka share.

Okechukwu ya dawo da ita da kansa, yana murna. Cikin minti ɗaya ta tashi, ta yi wani ɗan kiɗa mai daɗi irin na kowa. Malama ta gode masa, ta kawo masa ruwa. Ba ta riƙe shi da komai ba, abin da aka ce masa shi ya yi.

Marigayiyar ta bar allo ɗaya, kibod da harafin "a" ya goge, firinta mai cin takarda, da sifiku biyu waɗanda yanzu ba su da abin faɗa. Ta kuma bar Malama, wadda ta gaji.

Za a lulluɓe gawar da farin leshin da Malam ya saya mata, a kai ta ofishin coci ranar Asabar da ƙarfe goma. An ce har yanzu tana buga takarda, to su buga. Ana karɓar gaisuwa a gida, amma don Allah kada kowa ya ce ai an gyara, kada kuma a zo da filash. Wanda ya samu zuwa da safe, ya daure ya tambayi Malama ko ta karya. Tun ranar da allon ya yi shuɗi ba wanda ya tambaye ta.