Rasuwar Ja-Hadari, Bututun Kiran Ruwa na Karare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da gaggawa kan jawo wa mai furfura, ni Armaya'u na Karare nake sanar da mutanen Batsari da Ruma da Safana rasuwar bututuna na kiran ruwa, wanda aka fi sani da Ja-Hadari. Ya cika ranar Laraba bayan la'asar, yana bakin aikinsa.

Marigayi baƙo ne daga arewa. Ayarin gishiri ya zo da shi, na karɓe shi a hannun wani Buzu, na ba da bijimi. Tagulla ne zalla, kamu huɗu, da sarƙa a gindinsa da ake tsomawa cikin tulu. Buzun ya ce ruwa ɗan'uwansa yake kira, in an juya bakin bututun gabas, gajimare ba ya iya wucewa.

Damina biyu muka yi tare, bai taɓa musu da kowa ba. Mai kunya ne, in jama'a sun taru kallo ba ya aiki. Iska in ta taso sai ya ce "fuuu", kamar tsoho yana hura kunu. Duk ruwan da aka yi a shekarun nan na san wanda ya kira shi, ko da yake ya sauka har Zamfara, inda ba su da bututu.

Ciwon ajali bana ya fara. Ruwa ya yi jinkiri. Liman ya ce a fita roƙo, na ce ina da nawa a gida. Uwargidana Hansai ta ce in riƙe irin gero sai ƙasa ta jiƙu, na tuna mata wa ke da gona. Na binne iri a busasshiyar ƙasa, gona uku. Marigayi ya yi iya ƙoƙarinsa, ya kawo yayyafi daidai wanda zai tsirar da iri, sannan rana ta kwana goma sha tara tana ƙona shi. Sauri ya haifi nawa.

Na ce ƙila gajarta ce ta hana shi. Sai na ɗaure shi a ƙololuwar rumbu don ya kusanci sama. Ranar Laraba hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Marigayi ya yi kira, aka amsa masa. Maganarsa ta ƙarshe "tas!" ce, duk Karare an ji. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Maƙwabcina Haliru Bafulatani ya kawo madara aka zuba wa wutar aradun da ta kama rumbu kamar yadda aka gada, ta shanye ta ci gaba. Ruwa bai sauko ba sai da rumbu ya ƙone ya zauna. Ya sauka a gonar kowa, masu iri suka fita shuka.

Ya rasu ya bar sarƙa, da rabin tulu, da ni.

Za a kai gawa maƙerar Mani da ke Ruma ranar Asabar da hantsi. Ba sai an yi wanka ba, sama ta riga ta yi. Mani ya ce za a samu munduwa shida, Hansai ta ce nata ne, wannan karon ban yi musu ba. Zaman makoki a gindin kukar ƙofar gida. Masu zuwa ta'aziyya kada su kawo goro, kowa ya riƙo ƙwaryar iri, don danshi ba ya jiran mai kuka.

Waɗanda suka raka marigayi: bijimi ɗaya, irin gona uku, rumbu da dami arba'in a ciki, madarar Haliru ƙwarya biyu, da gefen gemuna na dama.