Yadda Za Ka Cika wa Mutane Akwatin Imel Ba da Izininsu Ba

Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari cikin wata shida sunanka zai shiga kowane gida a Winnipeg, birnin nan mai tsananin sanyi, har da ofishin hukuma. Shekara huɗu na yi ina aika tallan gyaran injin ɗumama gida a kamfanin Wendell Krawchuk, saboda haka daga bakin gwani kake ji.

1. Kada ka nemi izini

Doka ta ce sai mutum ya yarda kafin ka aika masa talla. Doka ba ta taɓa sayar da ko ƙusa ɗaya ba. Mu adireshi dubu arba'in muka saya a hannun wani mutum a bayan gidan mai. Na tambayi maigidana ko mutanen sun yarda.

"Dorian, suna da gida?"

"Suna da shi."

"Suna jin sanyi?"

"Haba maigida, Winnipeg ce fa."

"To ai sun yarda. Aika!"

2. Kira kowa da sunansa

Kwamfuta za ta saka maka sunan, kai taken kawai za ka ƙirƙira. Nawa shi ne: "Harold, mun yi kewarka!" ko Doris, ko Raymond, duk wanda ya faɗo. Ba ka taɓa ganinsu ba, amma kewa ba ta buƙatar sanayya.

3. Ɓoye ƙofar fita

Dole a sa wurin da mutum zai latsa ya ce a daina. Ka sa, mu ba 'yan daba ba ne. Ka rubuta shi da haruffa toka-toka a kan farin shafi, ƙanana, can ƙasa. Wanda ya gano shi, doka ta ba ka kwana goma na aiki ka cire shi. Ka ɗauki wannan a matsayin shawara.

4. Kada ka karanta amsa

Wata tsohuwa, Ilse Friesen, sau goma sha ɗaya tana rubuto mana. Ban buɗe ko ɗaya ba. Da na buɗe, da na ga cewa mijinta Harold ya rasu shekara biyu da suka wuce, kuma ita ke duba akwatinsa saboda takardun fansho. Da na kuma ga ta yi shekara talatin tana akawun kotu. Irin waɗannan mutanen ko rasidin burodi ba sa yarwa.

5. Ka dogara da maigidanka

Ranar da wasiƙar hukuma ta iso, Wendell ya karanta ta sau biyu, ya cire tabarau.

"Dorian, ashe abin da kake yi a bayan idona ke nan?"

"Kai fa ka ce in aika!"

"A rubuce?"

Ka lura: shi bai taɓa aika imel ba a rayuwarsa. Wannan shi ne gwanin gaske.

6. Je ka roƙi wadda ta kai ƙara

Na sayi kek, na tafi gidan Ilse. Ta zuba mini kofi, ta ɗauko wani fayil mai kauri ta ajiye a gabana. Saƙonnina ne, ɗari biyu da goma sha huɗu, kowanne da kwanan wata.

"Madam, kuskuren kwamfuta ne."

"Yaro, sha kofinka." Ta zaro takardar farko. "Ranar da wannan ya zo, na zaci wani abokinsa ne da bai ji labarin rasuwar ba. Na zauna na rubuta amsa mai tsawo. Yadda ya yi jinya, waɗanda suka zo jana'iza, duka. Ka karanta?"

Na dubi kek ɗin.

"Na san ba ka karanta ba," in ji ta. Ta zaro wata takarda, ta tura mini. "Ga ta. Da ƙarfi za ka karanta, kunnena ba ya ji sosai."

Shafi uku ne. Na karanta har ƙarshe. Ta yi mini godiya, ta raka ni ƙofa, ba ta kuma janye ƙarar ba. An ci kamfanin tara, Wendell ya kore ni ran Litinin.

Gargaɗi: duk abin da ya same ka, ba ruwana, ban san ka ba. Kada kuma ka rubuto mini kana kuka. Ban ba ka izini ba.